ZARE: Jitar McCartney ta dawo bayan shekara 51. Mu wa zai gane kalangun Shata?

1/ Jama'a ku gyara zama, zaren yau mai tsawo ne. A ƙasashen Turawa akwai masu zane da suka mayar da jitar bes ta manyan makaɗa abin ado. Su zana jitar ita kaɗai, babu fuskar mai ita, a buga a takardar bango ko a riga, masoya na gani su ce "ai wannan ta wane ce." To mu fa, kayan kiɗanmu wa ya zana?

2/ Tukuna dai, mece ce bes? Jita ce mai kaurin murya, galibi tsarkiyarta huɗu. Tana can ƙasa tana riƙe da kiɗa, sauran kaya na wasa a kanta. In ka kunna waƙa a mota ka ji ƙirjinka na girgiza, aikinta ne. Leo Fender ne ya fito da wadda ta fara karɓuwa a kasuwa, a Amurka a 1951, mai suna Precision Bass.

3/ Wadda aka fi zanawa ita ce ta Paul McCartney na ƙungiyar Beatles. Höfner ce, siffarta kamar gogen Turawa. A birnin Hamburg na Jamus ya saye ta a 1961 kan fam 30, lokacin yana saurayi marar kuɗi. Shi bahago ne, ita kuma ɓangarorinta biyu iri ɗaya ne, ko an juya ta ba ta yin muni. Da ita suka yi waƙoƙinsu na farko.

4/ A 1972 aka sace ta daga bayan wata mota a Landan. Shiru, shiru, har shekara 51. Sai wasu mutane suka ƙaddamar da cigiya a intanet, labari ya zaga duniya, wani iyali a kudancin Ingila suka tuna akwai wata tsohuwar jita a saman ɗakinsu. A Fabrairun 2024 aka sanar cewa ta koma hannun mai ita.

5/ Ga abin da nake so ku riƙe. Yaya aka yi aka tabbatar ita ce? Saboda an san kamanninta ciki da bai. Akwai hotunanta birjik, an san ta bahago ce, an san gyaran da aka yi mata da sabon fenti a 1964. Kamfanin Höfner ya duba ya ce ita ce. Abin da aka san siffarsa, ko ya ɓata, ana iya cigiyarsa.

6/ Akwai James Jamerson, mutumin da ya kaɗa bes a tarin waƙoƙin kamfanin Motown. Shekara da shekaru ba a rubuta sunansa a jikin faifai, sai wajen 1971 a faifan Marvin Gaye. Jitarsa suna gare ta, Funk Machine. An sace ta gab da rasuwarsa a 1983, har yau ba ta fito ba. Amma masu zane na nan suna zana ta.

7/ Jaco Pastorius ma haka. Ya ciccire ƙarafan wuyan jitarsa don sautin ya riƙa sulɓi, aka sace ta a New York a 1986, ta sake ɓulla bayan shekara 20. Shi kuwa Bootsy Collins tasa siffar tauraro aka yi mata. Kun ga, a wurinsu kayan kiɗa na da suna, da tarihi, da hoto, kamar dokin sarki.

8/ Yanzu mu dawo gida. Mu nan Roni da Kazaure da Gwiwa da Babura, a tsakiyar ƙasar kiɗa muke zaune, ga Kano, ga Katsina, ga Daura. In ka bi titin Kano ta Kazaure ka miƙe, Daura za ka faɗa, inda kabarin Alhaji Mamman Shata yake. Muryarsa kam tana kowace waya. To kalangan da suka ɗauki muryar fa?

9/ An haifi Shata a Musawa a 1923, ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni 1999. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Shi waƙa yake yi, makaɗansa na baya da kalangu. Cire kalangun nan daga Bakandamiya ka ji abin da zai rage. Amma a cikinmu mutum nawa ne zai kawo sunan makaɗinsa ko ɗaya? Labarin Jamerson ke nan, a Hausance.

10/ Kalangu fa injiniyanci ne. Ice ne aka fafe, tsakiyarsa siririya, baki biyu an rufe da fata, tsarkiya ta haɗa wannan baki da wancan. Makaɗi ya rataya shi a hammata. In ya matse, fata ta ɗaure, murya ta yi sama. In ya saki, ta sauko. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu ke magana, mai kunne ya ji kirarinsa.

11/ Sai Ɗan Maraya Jos, Adamu Wayya, haihuwar Bukuru a 1946. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi, daga nan sunan ya samo asali. Kayan aikinsa kuntigi: tsarkiya ɗaya tal, a kan ɗan ƙaramin gwangwani irin na kifi da aka rufe da fata. Abin da za ka riƙe da hannu guda.

12/ Da wannan ɗan gwangwanin ya yi waƙar Karen Mota, ya yi Jawabin Aure, ya zaga ƙasashen duniya, ya samu lambobin girma na ƙasa. Ya rasu ranar 20 ga Yuni 2015. In ana neman kayan kiɗan Bahaushe da ya kai Höfner ta McCartney wajen "ana gani an san mai shi", wallahi kuntigin nan ne. Ina rigar da aka zana shi?

13/ 'Yan Jigawa, ga namu: Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa. Gurmi ƙwarya ce zagayayya da aka rufe da fata, aka soka mata sanda, tsarkiya biyu ko uku. Akwai ɗan icen da ke ɗaga tsarkiya daga kan fata, shi ake kira jaki. Duk wanda ya tashi da rediyo a gidansu ya san sautin nan tun kafin Uji ya buɗe baki.

14/ A fada kuma akwai kotso da taushi. Kotso ya yi kama da kalangu amma baki ɗaya aka rufe, da hannu ake kaɗa shi. Shi ne kiɗan Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo Maradun wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru. Taushi kuwa har sarauta gare shi: Sarkin Taushin Katsina, da Salisu Jankiɗi a Sakkwato.

15/ Kayan fada tarihinsu da nisa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa kakaki a Kano. Sama da shekara 500 ke nan. Kakakin da kuke ji ran hawan salla a Kazaure jikan wancan ne. Wa ya taɓa auna tsawonsa ya rubuta?

16/ Ga kukuma, ƙanwar goge, wadda Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka suka yi suna da ita. Tsarkiyarta izgar doki ce, abin gogawar ma izga ce. Ga ƙwaryar amada ta Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Kayan ɗakin girki ne mata suka kife suka mayar abin kiɗa.

17/ Wani zai ce duk wannan ina bes a ciki? Akwai. A kiɗan ƙwarya, wadda aka kife a kan ruwa ita ke ba da wannan "dum, dum" mai kauri. A kiɗan garaya akwai babbar, komo, mai ƙaton jiki da zurfin murya, ta maharba. A gona akwai gangar noma, wadda ake jiyo ta daga wani ƙauye. Kaurin murya ba baƙonmu ba ne.

18/ Bari in kai ku nesa kaɗan. A Maroko akwai Ginawa, zuriyar bayin da aka ƙetara da su Sahara daga ƙasashenmu na yammacin Afirka. Babban kayan kiɗansu gimbiri: tsarkiya uku, jikin ice, fatar raƙumi, murya can ƙasa. Turawa da kansu bes suke kwatanta shi da ita. Mahmoud Guinia, wanda ya rasu a 2015, shi ne gwanin da aka fi sani.

19/ A Tunisiya kuma akwai kiɗan Istambeli, inda har yau ake jin kalmomin Hausa a waƙoƙinsu. Wani Bature, Tremearne, ya je ya zauna da Hausawan Tunis da Tarabulus, ya fitar da littafi a kansu a 1914. Marcus Miller, ɗaya daga cikin manyan makaɗan bes na Amurka, da ya tashi neman tushe sai ya ɗauki gimbiri a faifansa na 2015.

20/ Wato mai bes na Amurka ya tako har Afirka yana neman dangin garaya da gurmi, mu kuma da suke rataye a zauren kakanninmu ko kallo ba su ishe mu ba. Me ya jawo? Ni dalili huɗu na gani, kuma ba duka ne laifin wani ba.

21/ Na ɗaya, kayan namu ba sa jure zamani. Ice ne, ƙwarya ce, fata ce. Gara ta ci, damina ta sassauta fata, hunturu ya tsage ƙwarya. Makaɗi kan sauya fata sau da yawa a rayuwar ganga guda. Jitar lantarki za ta shekara 50 a saman ɗaki ta fito da ranta. Kuntigi ba zai yi wannan ba.

22/ Na biyu, matsayin makaɗi. Mu faɗi gaskiya: muna son kiɗa, muna raina mai kiɗa. A ba shi kyautar riga da doki, amma ya zo neman aure a ce "maroƙi ne". Yaron da ya taso yana jin wannan gori, in uban ya rasu, zai rataye kalangun a falo ne ko zai tura shi bayan rumbu?

23/ Na uku, rediyo da kaset. Su suka adana mana muryoyin nan, Allah Ya saka wa ma'aikatan da alheri. Sai dai kunne suka ciyar, ido bai samu komai ba. In ma an sa hoto a bangon kaset, fuskar mawaƙi ce da babbar riga. Makaɗa na can baya, rabin kalangu ya fita daga hoton.

24/ Na huɗu, fiyano. Daga shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa, yaro ɗaya a situdiyo da fiyano da kwamfuta ya maye gurbin mutum goma. Yau har sautin kalangu a cikin na'ura ake danno shi. Ba na zagin masu fiyano, sana'a ce kuma sun yi ƙoƙari. Amma mai fafe icen kalangu ya rasa masu saye, ɗansa ya koma acaɓa.

25/ To me zane zai tsinana? Ku ji wannan. A 1687 wani likita ɗan Birtaniya, Hans Sloane, ya je Jamaika, ya ga bayi 'yan Afirka na kaɗa wani abu na duma mai tsarkiya. A littafinsa na 1707 aka buga zanen abin. Bayin sun shuɗe, ba a rubuta sunayensu ba. Zanen na nan.

26/ Yau duk mai binciken asalin banjo, wancan molon na Amurkawa, zanen nan yake komawa. Da shi ake kwatanta banjo da danginsa na yammacin Afirka, irin su akontin na Sanagal da Gambiya, da gurmi namu. Zane guda, sama da shekara 300, yana ba da shaida a madadin mutanen da aka hana su magana.

27/ Kuma kada wani ya ce zane baƙon abu ne a Jigawa. Je ka Birnin Kudu. A jikin duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu na mutanen da, kusa da su kuma ga duwatsun da in ka buga suke ƙara kamar kuge. Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a tsakiyar shekarun 1950. Zane da kiɗa wuri guda, tun kafin takarda ta zo.

28/ Zaro naira 20 daga aljihunka ka juya bayanta. Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. Ta rasu tun 1984, amma yaron da bai taɓa zuwa Abuja ba ya san akwai wata mata da tukunyarta. A Legas kuma Lemi Ghariokwu ya zana wa Fela bangon faifai 26, har zanen ya zama rabin labarin Fela.

29/ Ga darasi daga maƙwabta. Malam Maman Barka na Nijar malamin makaranta ne mai kaɗa gurmi. A 2002 ya tafi Tafkin Cadi wurin wani dattijo, Bukar Tar, wanda ake ganin shi ne gwani na ƙarshe a kiɗan biram, wani abin kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya zauna ya koya, dattijon ya damƙa masa biram ɗinsa.

30/ Barka ya fita da biram duniya, ya yi faifai a 2009, ya rasu a 2018. Da ya yi jinkirin 'yan shekaru, da sai dai labari. A Yamai ma akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke ajiye kayan kiɗan gargajiya. Abin da ya ceci biram mutum ɗaya ne da ya tashi ya je tun dattijon na da rai.

31/ Mu ma an yi mana aiki, kar mu yi butulci. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da bayaninsu a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana rubuta tarihin makaɗa da mawaƙa. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun yi littafi guda a kan Shata. Sai dai yawancin wannan na cikin laburare, mu kuma muna cikin waya.

32/ Nan ne aikin ya faɗo kanmu. Muna da yara a Roni da Kazaure masu zana tambarin shago a waya, masu zanen fasta lokacin siyasa, masu rubutu a bayan mota, ɗalibai a kwalejin Hussaini Adamu da suka iya zanen injin dalla-dalla. Hannun da ya iya zana injin zai iya zana kotso. Kuma kalangu ba abu mai rai ba ne, ga mai wannan damuwar.

33/ Wani zai ce ai hoto ya isa. A ɗauki hoton, yana da kyau. Amma zane na nuna abin da kyamara ba ta gani: yadda aka fafe cikin icen, kaurin bakin, yadda tsarkiya ta ratsa fata, inda jaki ke zama. Mai sassaƙa na gobe zai iya duba zane mai awo ya sake ƙera abin. Da hoton biki ba zai iya ba.

34/ In za ka yi, ga yadda za ka bi. Ka fara da unguwarku: makaɗin mahauta, mai kalangun dambe, mai gangar noma, matan amada, makaɗan ƙofar hakimi. Ka je da sallama, ka tsuguna ka gaida dattijo. "Baba, so nake in zana gangar nan, jikoki su san ta." Kar ka je hannu rabbana, lokacinsa ka ci.

35/ Ka tafi da abin awo. Tsawo nawa, faɗin baki nawa. Ka tambaya: wane ice ne? Fatar wace dabba? Wa ya sassaƙa, a wane gari? Gado ne ko saye? Kowane ɓangare ya sunansa a bakinsu? Ka rubuta yadda ya faɗa, ko da ya saɓa da na littafi. Sunan da ake kira a Roni ba lalle ya zama na Zamfara ba, kuma bambancin ma tarihi ne.

36/ Kar ka gyara abin a zane. In akwai tsaguwa da aka ɗinke, zana ta. In akwai laya ko tsumma a ɗaure, ko wurin da hannu ya goge har ya yi sheƙi, zana shi. Masu zana jitar Jaco har ƙujewar fentinta suke fitarwa, don ita ce ta raba ta da sauran dubbai irinta. Tabon shi ne shaidar mai shi.

37/ Sannan ka sa sunan makaɗin a ƙasan zanen in ya yarda, da garinsu, da shekarar. In ka buga a riga ka sayar, ka kai masa rabonsa. In na marigayi ne, a nemi iyalansa a nemi izini. Kar mu maimaita abin da aka yi wa Jamerson: a ci moriyar kiɗa a bar makaɗi babu suna.

38/ Ku yi tunanin jerin zane guda goma a bangon wani shago a Kazaure: kuntigi, gurmi, kotso, taushi, kukuma, komo, kalangu, ƙwaryar amada, kakaki, gangar noma. Kowanne da sunan gwaninsa a ƙasa. Yaro ya tsaya ya nuna da yatsa ya ce "Baba, wannan mene ne?" Daga nan hira ta fara.

39/ Dattawan da suka san sirrin kayan nan ba jiranmu za su yi ba. Duk shekara sai an yi jana'izar wani, a raba gado, gangar ba wanda ya ce tasa ce. McCartney ya samu tasa don duniya ta san kamanninta. Tamu in ta shige bayan rumbu, gara ce magajiya.

40/ Wanda ke da tsohon kayan kiɗa a gidansu, ko hoton wani makaɗi riƙe da nasa, ya ajiye mana a ƙarƙashin zaren nan, da sunan gari. Masu zane kuma ku ɗauki ɗaya ku fara, ko da biro ne a takardar makaranta. Ku tura wa wanda kuka san ya iya. Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa mu gama lafiya.